Pak Ƙanzo da Farin Kada

A unguwarmu ta bayan kasuwar kifi a Semarang, in ka tambayi gidan Pak Darmaji mai gyaran fanka, sai an ɗan yi shiru ana tunani. Amma ka ce Pak Ƙanzo, ko kazar da ke tsallake kwata za ta nuna maka lungun. Pak a wurinmu kamar Malam ne, Bu kuma kamar Malama. Sunan bai daɗe ba, kuma asalinsa kati ne guda ɗaya da aka dafa da shinkafa.

Ga yadda abin ya faru. Darmaji yana cikin masu zama ran Asabar a shagon Koh Bing, inda muke wasan katin nan da kowa ke zuwa da damin katunansa, a jera dodanni da mayaƙa a kan tebur a gwabza. Cikin katunansa akwai wani da sunansa na ainihi da harshen Japan yake, mu dai Farin Kada muke ce masa saboda hoton da ke jiki. Irin mai ƙyallin nan ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe mai ƙyalli a garin nan ya san halinsa. Da damina ta kankama, laima ta cika ɗaki, sai ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Masu hali suna da akwatin gilashi mai lantarki da ke tsotse danshi. Marasa hali suna da shinkafa. Darmaji ya zare katin daga rigarsa ta leda don shinkafar ta ja laimar da kyau, ya tura hannu har gwiwa cikin buhun matarsa, ya binne shi can ƙasa, ya karkaɗe hannu ya tafi masallaci. Bai gaya wa kowa ba.

Matar tasa, Bu Partini, shinkafa take sayarwa ƙunshe a ganyen ayaba a bakin kasuwa, kuma buhu yakan yi mata kwanaki. Sai dai washegari aka ba ta aikin abincin wata walima da aka gayyaci unguwa duka. Ta juye buhun kaf cikin babbar tukunya, tana wankewa tana hira da maƙwabciya ta kan katanga, ta ɗora a wuta. Aka yi walima, aka ci, aka yaba wa mai girki. Sai da la'asar, tana kankare gindin tukunya, ta ga ido yana kallonta.

"Pak," ta kira shi, "zo ka gani. Ko dai idona ne, ko akwai kada a cikin ƙanzon nan."

Ya zo ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasa kusa da tukunyar, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"To," ya ce, "lanƙwasar dai ta tafi."

Da wani katin ne, da an yi dariya an wuce. Amma Farin Kada an daina buga shi tun da daɗewa. Darmaji ya saye shi ne a hannun wani ɗalibi da zai bar gari, a kuɗin kwano ɗaya na farfesun nan da muke kira soto, har da neman ragi. Daga baya 'yan wasa suka gano cewa damin da ba shi da wannan kati ba ya zuwa ko'ina a gasa, kuɗinsa ya dinga hawa kamar ruwan teku a lungunmu, har ya kai rupiya miliyan bakwai, kuɗin babur na hannu mai lafiya. Bu Partini ta san wannan lissafin fiye da kowa, don ta daɗe tana so a sayar a ɗaga daɓen ɗakinsu, da yake ruwa na shigo musu har ƙarƙashin gado duk lokacin da teku ta cika.

"Wa ke ajiye babur a buhun shinkafa?" ta ce. "Gaya min, Pak, a wace unguwa ake haka? Shekara nawa ina roƙonka. Ga shi yau na dafa daɓen ɗakina da hannuna."

Ya ci gaba da kallon tukunyar. Ba daɓen ne ya dame shi a lokacin ba, kuma ita ma ta sani.

Darmaji ya haura arba'in kafin ya san akwai wasan nan a duniya. Koh Bing ne ya kira shi gyaran fankar sama ta shago. Ya hau kujera, ya kwance murfin, ya kalli ƙasa, ya ga mutane biyu suna ta jera katuna suna gardama kamar masu rabon gado. Gyaran da ba ya wuce shan kofi ɗaya ya kai su har magariba, mutumin yana tsaye a kan kujera, filaya a hannu, wuya a karkace. Asabar ta gaba ya dawo duba ko fankar tana lafiya. Ta gaba ma haka. Har yau babu fankar da ake dubawa a Semarang kamar wannan.

Bu Partini da farko ta zata caca ce. Ta bi shi wata rana ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu, ta kalla har aka tashi, ta ga babu wanda ya ba wani ko sisi. Ta koma gida ta gaya wa maƙwabta cewa abin ya fi caca muni, don a caca ko ba komai wataran mutum yana dawowa da wani abu.

Gaskiya ta faɗa, musamman a kan mijinta. Na daɗe ina zama kusa da shi a teburin nan, kuma ban taɓa ganin mai shan kashi da fara'a irinsa ba. Yana riƙe katunansa yadda duk shago zai karanta. Yana manta abin da ya shirya yi tun kafin layi ya zo kansa. In aka kashe masa dodo sai ya ɗauke shi da hannu biyu ya ce masa, "Yi haƙuri, laifina ne." Sabon shiga da ya koyi wasa da safe yakan cinye shi da rana, shi kuma ya miƙa masa hannu yana murna kamar shi ya haife shi.

Abin da ya iya, wanda babu wanda ya kama ƙafarsa, shi ne yin wasan ba tare da wasan ya cinye shi ba. Kowa ya san yadda kuɗi ke tafiya a harkar nan. Katunan a rufe ake sayar da su cikin fakiti, ba ka san me ke ciki ba sai ka biya ka farke. Ƙarshen wata samari masu albashi su sayi kwali guda, su zauna suna farke fakiti kamar masu figar kaza, su tsinci biyu ko uku masu ƙyalli, su tashi su bar sauran tuli a tebur. Wani ya fita yana dariya, wani ya fita yana tunanin abin da zai gaya wa mai gidan haya. Darmaji bai taɓa sayen fakiti ba. Ya ce ko kifi sai ya ɗaga kunnensa ya duba kafin ya biya, balle takarda. Abin da yake yi, in samarin sun gama, sai ya matso ya ce, "Samari, waɗannan an gama da su?" Su ce kwashe, Pak. Ya kwashe.

"Kai kaɗai ne abokin cinikina da bai taɓa sayen komai ba," Koh Bing yakan ce masa.

"Ai share maka shago nake yi, Koh. Kai ya kamata ka biya."

Sannan akwai iyaye mata. A yawon gyaransa, duk gidan da ya shiga, in ya gama da fanka ko tukunyar lantarki, sai ya tambaya ko akwai katunan da yara suka girma suka bari. Sau da yawa akwai, a kwalin takalmi a saman durowa. Yakan karɓa a madadin rabin ladansa, wani lokacin duka, ya koma gida Bu Partini ta tambayi kuɗin cefane ya nuna mata dodanni. Daga wannan tarkacen yake haɗa dami-dami, kowanne a cikin gwangwanin biskit na Sallah, ya ɗauro su a bayan babur ran Asabar. Duk wanda ya leƙo shagon, ya tsaya yana kallo da irin tsayuwar nan ta mai so amma aljihu ya hana, sai ya ji an turo masa gwangwani. "Zauna ka gwada. Ba a biya." Farin Kada ma haka yake yawo daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa ya ƙi sayarwa. Ya ce ba nasa ba ne, na tebur ne, ajiya kawai yake yi.

Ta hanyar gwangwanin nan muka samu Mbak Tantri. Ɗinki take yi a masana'antar riguna, ta shigo shagon wata Asabar fakewa ruwa kawai. Darmaji ya turo mata gwangwani, ta ce ba ta iya ba, ya ce shi ma haka. Ta zauna ta cinye shi. Kafin damina ta fita ta cinye kowa a teburin, har da wani ma'aikacin banki da daminsa ya fi albashinta na wata uku. Ba ta magana in tana wasa, sai dai ta riƙa taɓa gefen katunan da babban yatsa kamar mai duba ɗinki. A shekarar da nake ba da labari ta ci gasar gari, aka ba ta gurbi a babbar gasa ta ƙasa a Jakarta. Daminta duk 'yan katunan arha ne, wasu daga gwangwani, wasu ta saya ɗaya-ɗaya, in ban da Farin Kada da take ara. A kansa aka gina damin gaba ɗaya. Hutun da za ta yi tafiyar kuwa, sai da ta yi wa shugabar sashensu aikin Lahadi ba adadi kafin ta samu. Alƙalan gasa ba sa karɓar lanƙwasasshen kati, don ana iya gane shi ta baya, shi ya sa Darmaji ya so ya miƙar mata da shi tun da wuri. Shi ma ya tara kuɗin jirgin ƙasa, a hankali a hankali, zai bi ta ya ga babbar gasa da idonsa, abin da ya daɗe yana buri.

Asabar ɗin da ta biyo bayan walimar, ya shigo shago ba gwangwani a hannu, sai faranti rufe da tawul. Ya ajiye a gaban Tantri ya buɗe. Ga ƙanzo zagaye, ya yi ja mai kyau, ga kada a tsakiya ya kumbura, rabin wutsiya ta narke, shinkafa ta manne masa a haƙora. Shagon ya fashe da dariya. Koh Bing ya riƙe kanta yana share hawaye.

"Da miya ake ci ko haka nan, Pak Ƙanzo?"

Sunan ya zauna tun daga nan. Tantri ma ta yi dariya har ta kifa kai a tebur. Da ta ɗago, dariyar ta ƙare a hankali. Ta tattara katunanta ta daidaita gefensu.

"Ba komai, Pak. Ran Litinin zan je in ce musu na fasa hutun."

"Kar ki ce musu komai tukuna."

"In babu kadan nan, zuwa kawai zan yi in sha kashi a gaban mutane."

"Ni kullum haka nake yi, kuma ga ni da raina. Ki dai bari tukuna."

Kowa ya juya ya kalli akwatin gilashin Koh Bing, don akwai Farin Kada ɗaya a ciki. Koh Bing ba mugu ba ne. Sai dai nasa irin wanda aka aika waje aka tantance ne, aka rufe cikin roba mai tauri aka yi masa hatimi. In aka fasa, rabin kuɗinsa ya tafi, kuma wannan katin shi ne abin da yake nuna wa matarsa duk sanda ta ce shagon ba ya kawo komai. Ya buɗe hannu ya ce a yi masa uzuri, aka yi masa.

Darmaji ya fara da tunanin sayar da baburinsa. Bu Partini ta ji ƙishin-ƙishin, makulli ya ɓace. Ya nema har ƙarƙashin katifa. Ta bar shi ya gaji sannan ta ce ya duba buhun shinkafa, tunda can ce ma'ajiyar gidan yanzu. Ta ba shi ne bayan ya yi alkawarin babur zai kwana a gida, don da shi yake neman abin da suke ci.

A nan ne ya tuna da Prapto, wani saurayi da ke zuwa teburin a shekarun baya, lokacin da Farin Kada bai fi kwanon soto ba. Prapto yana da ɗaya. Yanzu yana aiki a jirgin kamun kifi can tsakiyar teku, sai a yi watanni ba a ji muryarsa ba, amma mahaifiyarsa, Mbah Sarinten, tana nan ita kaɗai a wani lungu bayan layin dogo. Darmaji ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi gaishe ta. Bai buƙaci ƙirƙiro dalili ba, fankarta ta daɗe da mutuwa, tana fifita da murfin kwali. Ya kwance ta, ya share, ya sa mai, ya canza wata 'yar waya. Fanka ta tashi. Tsohuwa ta zauna a gabanta ta rufe ido.

"Ba ni da abin ba ka sai shayi," ta ce.

"Shayin ya isa, Mbah. Katunan Prapto suna nan kuwa?"

"Tarkacen nan? Suna saman durowa suna tara min kyankyasai. Kwashe, ka rage min shara."

Ya sauko da kwalin takalmin ya buɗe. Bai yi nisa da dubawa ba ya gan shi, cikin rigarsa ta leda, ɗaruruwan katuna sun danne shi shekara da shekaru, ya miƙe sumul kamar an goge. Darmaji ya rufe kwalin. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya ɗaure kwalin a bayan babur, ya tafi.

Ya kai mashigar layin dogo ya tarar an sauke ƙarfe, jirgin kaya yana wucewa. Ya tsaya da sauran masu babur yana kallon taragai. Kafin na ƙarshe ya wuce, ya riga ya juya kan babur. Da na tambaye shi daga baya me ya faru, cewa ya yi, "Jirgin ne ya cika tsawo. Da gajere ne, da na tsallake."

Mbah Sarinten tana nan gaban fanka inda ya bar ta.

"Filayarka ka manta?"

"A'a, Mbah. Akwai kati ɗaya a kwalin nan da ya fi fankarki kuɗi."

"Fankata ai ba ta da wani kuɗi."

"Ya fi fankarki da gadonki da talabijin ɗinki, a haɗa da ƙyauren gidan."

Ya zaro shi ya faɗa mata kuɗin. Ta ce ya maimaita, kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Ya maimaita a na dama. Ta miƙe ba tare da dafa komai ba, abin da maƙwabtanta suka ce sun daɗe ba su gani ba, ta rufe taga, ta dawo ta karɓi katin da yatsu biyu.

"Ka sani, ka tafi da shi, kuma ka dawo?"

"Haka ne."

"Uwarka ta yi tarbiyya, amma ba ta koya maka ciniki ba."

Sai ya ba ta labarin duka, daga buhun shinkafa har hutun Tantri. A wajen ƙanzon ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya zo kan maganar aro, ta daina.

"Lokacin da tarkace ne, ina da ikon bayarwa. Yanzu da ya zama dukiya, na Prapto ne, kuma Prapto yana inda waya ba ta kaiwa. Ba zan sayar ba. Ba kuma zan miƙa wa yarinyar da ban sani ba ta shiga jirgi da shi."

Darmaji ya gyaɗa kai ya fara tattara jakarsa.

"Ban gama ba," ta ce. "In kadan nan zai je Jakarta, ƙafata ƙafarsa. Ina da ƙanwa a can, rabona da ita tun gashinta yana baƙi. Ni kuma ban taɓa hawa jirgin da ya wuce Pekalongan ba."

Kuɗin jirgi na mutum biyu ne kawai a ƙasa, na Tantri da wanda Darmaji ya tara. Bai yi shawara da kowa ba, ya je tasha ya yanko tikiti da sunan tsohuwa. Tantri da ta ji ta zo har rumfar gyaransa tana faɗa.

"Pak, shekara nawa kana maganar gasar nan?"

"In na je, bayanki zan tsaya ina ba ki shawara. Kin san shawarata. A zagayen farko za a koro mu."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Miƙo min sukurun can."

Ranar tafiya muka raka su tasha. Bu Partini ta kawo musu ƙunshin shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken soya, na hanya. Mbah Sarinten ta karɓa, ta ɗaga shi ta jijjiga a kunnenta mai ji.

"Kin dai duba tukunyar yau?"

Bu Partini ta juya ta harari mijinta a madadin tsohuwar.

Abin da ya faru a Jakarta daga bakin Tantri muka ji, wani kuma mun gani a waya. Tsohuwa ta naɗe katin a cikin doguwar ɗamarar da take ɗaure zaninta da ita, wurin da laima ba ta isa ba, ɓarawo ma haka. Kafin kowane zagaye sai ta juya wa jama'a baya, ta kwance, ta zaro, ta miƙa wa Tantri. Ana gamawa ta miƙa hannu a mayar mata. Alƙalin gasa ya zo ya ce 'yan kallo ba sa zama a wajen tebura. Ta ce ita ba 'yar kallo ba ce, mai kada ce. Ya duba ta, ya duba shekarunta, ya je ya kawo mata kujera ya ajiye a bayan igiya, inda za ta iya hango katin. A ƙa'idar wasan abokin karawa yana da ikon yanka daminka, wato ya raba shi biyu ya sauya musu wuri, kafin a fara. Duk wanda ya miƙo hannu sai ya ji murya daga bayan igiya: "Ɗan nan, ka wanke hannu kuwa?" Wani saurayi da ya zo daga Medan har tashi ya yi ya je ya wanko.

Mu kuma muna shagon Koh Bing, an jingina waya da kwalbar yaji, kowa ya cusa kai. Darmaji bai iya zama ba. Ya hau kujera ya kwance fankar da lafiyarta ƙalau, yana kallon wayar daga sama, kamar ranar farko. Duk sanda Farin Kada ya sauka a tebur sai mu ji sukuru ya faɗo ƙasa.

Tantri ta yi ta ci har ta shiga cikin takwas na ƙarshe. A nan wani likitan haƙori daga Surabaya ya fitar da ita, da ƙyar. Ta ce da ta tashi daga teburin tana jin kuka, Mbah Sarinten ta ɓare mata gyaɗa ta ce, "Ci. Wannan mutumin da ma sana'arsa cire wa mutane abu ce." Aka ba ta kwali guda na sababbin fakiti, da gurbi a gasar baɗi ba sai ta sake bin layi ba.

Kwalin nan ta kawo shi shago a rufe ta ajiye a gaban Darmaji. Ya ce shi ba ya farke fakiti. Ta ce ai ba saya ya yi ba. Ya raba wa kowa ya buɗe, ya bar ɗaya a gabansa yana juya shi kamar wayar lantarkin da bai tabbatar an kashe ba. A ƙarshe ya ɗauko almakashin aikinsa ya yanke bakin a hankali. Babu mai ƙyalli ko ɗaya, duk irin waɗanda ake bari a tebur ne. Fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Daidai abin da koren gwangwanina ke nema."

Daɓen ɗakinsu dai har yau ba a ɗaga ba. An ɗora gadon a kan bulo, kuma Bu Partini ta sa wa buhunta kwado, makullin yana wuyanta. Prapto da ya samu waya ya ce kar a sayar, a bar wa tebur ya yi amfani da shi. Don haka yanzu Mbah Sarinten tana zuwa duk Asabar, a bayan babur ɗin Darmaji, tsakanin gwangwanaye. Ba ta san ƙa'idar wasan ba kuma ta ce ba ta son sani. Tana ba da aron kada wasa ɗaya a kan shayi ɗaya, in da lumpiya mai zafi, soyayyen naɗin fulawar nan, ta ƙara rabin wasa. Dafaffen katin kuwa Darmaji ya shafa masa man katako, da ƙanzon da komai, ya manna shi a cikin murfin babban gwangwaninsa. Duk sabon da ya zo sai an nuna masa, ko bai tambaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce wani sabon saurayi ya leƙo ya tsaya yana kallo. Darmaji ya buɗe gwangwani zai turo masa, saurayin ya ga abin da ke cikin murfin ya tambaya mene ne wannan. Koh Bing bai bari damar ta wuce ba. Ya ƙwanƙwasa akwatin gilashinsa.

"Irin wannan ne, kafin ya haɗu da mai girki. Pak Ƙanzo, yaushe za a sake ɗora mana tukunya? Nawa kadan ya ƙara tsada, in kana neman nama mai kyau."

Darmaji ya ci gaba da jera wa saurayin katuna, bai ɗago ba.

"Koh, naka shekara nawa yana kwance a gilashi, ko ƙuda bai ƙoshi da shi ba. Nawa kuwa unguwa guda ta ci shi a walima, har da kai. Kuma da idona na ga ka koma ƙari."